Nauyin Faifai da Nauyin Magana

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata 'yar kunya ce da na sha a gaban kakata, wadda tun daga ranar ta hana ni sakat. Na ga ya kyautu in kawo ta gaban jama'a mu tattauna, ko da za a yi mini dariya, domin ina kyautata zaton ba ni kaɗai ke fama da irin wannan ciwo ba.

A hutun da ya wuce na je gida Kanya Babba, cikin ƙasar Ɓaɓura. Wata rana da hantsi kakata ta sa ni in jawo mata wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, wai tana neman wani zanen saƙi. Ko da muka buɗe, sai ga fayafayan garmaho na marigayi kakana guda 23, waɗansu cikin rigunansu na kwali, waɗansu an naɗe su da tsumma. Akwai na Alhaji Mamman Shata, da na Ɗan Maraya Jos, da na Haruna Uji mai gurmi, mutumin Haɗejiya. Can ƙasa kuma akwai waɗansu guda huɗu, baƙaƙe wuluk, masu kauri, waɗanda takardar tsakiyarsu ta kusa gogewa, sai dai ana iya gane hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙahon garmaho.

To, kafin wannan rana wani abokina a makaranta ya taɓa nuna mini a wayarsa yadda faifai ya sake dawowa kasuwa a Turai da Amurka, da yadda ake liƙa wa waɗansu 'yar takarda mai cewa nauyinsu giram 180 ne, a kuma tsawwala musu kuɗi saboda haka. Da wannan ɗan guntun sani nawa sai na shiga ɗaga fayafayan ɗaya bayan ɗaya, ina jinjinawa a tafin hannu kamar mai cinikin kankana. Na ware baƙaƙen nan huɗu gefe guda, na ce, "Hajiya, ga na ƙwarai nan. Sauran marasa nauyin nan duk tarkace ne." Ta dube ni ta yi murmushi, ta ce, "Maigida, ashe kai da hannu kake saurare? Kakanka dai da kunne yake ji." Sa'an nan ta zaro wani siriri na Shata, wanda in ka riƙe shi a gefe har rangaji yake yi, ta ce wannan shi ne wanda marigayin ba ya kwana bai sa ba.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Me ya sa zuciyar ɗan Adam take saurin gaskata abu mai nauyi? Shin nauyi shaida ne a kan nagarta, ko kuwa maƙwabcinta ne kawai da muka saba gani a ƙofar gidanta har muka ɗauka shi ne mai gidan? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu fara sanin yadda murya take zama a cikin faifai.

A shekarar 1877 Thomas Edison ya fara kama murya a jikin wani ɗan bututu. Shekara goma bayan haka, watau 1887, wani Bajamushe mazaunin Amurka mai suna Emile Berliner ya ƙago garmaho mai amfani da abu shimfiɗaɗɗe, kewayayye. Da abin ya iso ƙasar Hausa, mutanenmu suka dube shi suka ga ya yi kama da faifan da mata ke rufe ƙwarya da shi, suka sa masa sunan, kuma lalle sun dace, don shi ma faifan kaba saƙarsa zagaye take yi. In ka ƙura wa faifan garmaho ido za ka ga wani siririn kwari, irin kwarin da ke tsakanin kunya da kunya a gona, sai dai shi faɗinsa bai wuce silin gashi ba. Kwari ɗaya ne tak a kowace fuska, ya taso daga baki yana kewayawa har tsakiya. Bangon kwarin nan ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe waɗanda ido ba ya gani. Allura tana bi ta ciki tana karkarwa daidai da su, na'ura kuma ta mai da karkarwar ta zama sauti. Ke nan duk kiɗan kalangu da muryar 'yan amshi a cikin wannan ɗan kwari suke zaune.

Yadda ake buga faifai kuwa shi ne, a fara yanka kwarin a kan wani faifai mai taushi, sa'an nan a lulluɓe shi da ƙarfe a fitar da hatimi. Daga nan sai a ɗauki curin roba mai zafi a matse shi tsakanin hatimi biyu, na sama da na ƙasa. Abin lura a nan shi ne, zurfin kwarin da faɗinsa tun a wurin yanka aka gama su. Ko curin robar babba ne ko ƙarami, hatimi ɗaya ne zai hau kansa, kamar yadda hatimin alƙali ba ya sake rubutu don an buga shi a kwali maimakon takarda. Abubuwan da ke sa faifai ya yi daɗin ji su ne kyan ɗaukar farko, da gwanintar mai yanka, da tsabtar robar, da rashin tsufan hatimin, sa'an nan da lafiyar allura da na'urar mai saurare.

Shi kansa nauyin faifai ya sha hawa da sauka. Fayafayan farko, irin baƙaƙen nan na adakar kakata, da wani irin danƙo ake yin su, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, a cuɗa shi da garin dutse. Juyi 78 suke yi a minti ɗaya, kuma fuska guda ba ta wuce kamar minti uku. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda fuskarsa guda kan ɗauki minti ashirin ko fiye, a 1949 kuma kamfanin RCA ya fito da ƙarami mai juyi 45. Wannan babban na roba shi ya dace da mawaƙanmu, waɗanda a minti uku ko gaisuwa ba su gama ba. Nauyinsa na yau da kullum yakan kama daga giram 120 zuwa 140. Da farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974, roba ta yi tsada, tun da daga man ake samun ta, kamfanoni da yawa suka rage kaurin faifai, waɗansu ma suka riƙa narka tsofaffi suna sake bugawa. Wani abin dariya, tsadar man da ta ramar da faifai ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya, har aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975. Kakana yana malamin firamare a lokacin, kuma da bashin Udojin nan ya je Kano ya sayo na'ura mai amfani da batir da yawancin fayafayan da ke adakar.

Bayan haka kaset ya zo ya ture faifai a kasuwanninmu, faifan CD ya biyo baya daga 1982, sa'an nan waya ta zo ta haɗiye su duka. Ana tsammanin an binne faifan garmaho, sai ga shi ya farfaɗo. A Amurka, cikin 2022, an sayar da fayafayan garmaho miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da a ga haka tun 1987. A cikin wannan dawowa ne giram 180 ya zama abin alfahari. Ba na musun cewa kauri yana da amfaninsa. Faifai mai kauri ya fi kwanciya sosai a kan na'ura, ya fi jure lanƙwashewa, abin da duk wanda ya san zafin bazara a ƙasarmu ba zai raina ba, ga shi kuma da daɗin riƙewa. Har ila yau, kamfanin da ya yarda ya kashe kuɗi a kan roba mai yawa, sau da yawa yakan kula da sauran aikin. Saboda haka nauyi da nagarta sukan yi tafiya tare. Amma fa zakara ma yakan yi cara gari ya waye, ba kuwa carar ce ke fito da rana ba.

Duk wannan daga baya na karanto shi. A lokacin gardama ce kawai ke cina, don haka na roƙi kakata ta ba ni aron baƙaƙe biyu da siririn nan, na zuba su a jakar littattafai na hau mota zuwa Kano, inda aka kwatanta mini wani tsoho mai gyaran rediyo a Sabon Gari da har yanzu yake da na'ura mai aiki. Siririn na riƙa lallaɓawa, masu nauyin kuwa ban damu da su ba, don a ganina sun fi ƙarfin wahala. Da na buɗe jaka a shagon tsohon, sai na tarar ɗaya daga cikin baƙaƙen ya rabe gida uku. Gargadar hanya ta gama da shi, siririn kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Tsohon ya girgiza kai ya ce, "Samari, ai irin waɗannan kamar tangaran suke. Ba a gaya maka ba?" Na ce, "Baba, ban tambaya ba."

Ya sake allura, ya sa baƙin da ya tsira. Abin da ya fara fitowa ƙara ce kamar ruwan sama a kan rufin kwano, can ƙarƙashinta kuma ga goge da muryar wata zabiya, kamar daga bayan gari take waƙar. Da ya sa siririn kuwa, duk da 'yar ƙaiƙayin tsufa da yawan sawa ya bar masa, sai ga kalangu ya cika shagon, ga muryar Shata tangaran, har wani mai turin baro ya tsaya a bakin ƙofa. Na tsaya ina riƙe da gutsattsarin mai nauyi a hannu, kunnena kuwa yana wajen marar nauyi.

Kada wani ya ce wannan wautar ɗan ƙauye ce kawai. A Amurka akwai wani kamfani mai suna Mobile Fidelity, wanda ya yi suna wajen buga fayafayai masu nauyi, masu tsada, har waɗansu sukan haura dala 100. Masu sayensu sun yi shekaru suna yabon sautinsu, suna cewa daɗinsa ya samu ne don daga ainihin tef ɗin farko aka yanko shi kai tsaye, bai ratsa ta kwamfuta ba, suna kuma bugun ƙirji cewa kunnensu ba ya ɓatan bambancin. A watan Yuli na 2022 asiri ya tonu cewa kamfanin ya daɗe yana fara juya sautin zuwa na kwamfuta kafin ya yanka yawancin fayafayan. Magana ta kai kotu, aka ƙare da sulhu a 2023. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, fayafayan nan ba su sake ba ko kaɗan tsakanin ranar da ake yabonsu da ranar da aka fara zaginsu. Labarin da ke kan masu saurare ne ya sake. Masu iya magana sun ce jiki ya fi kunne ji, suna nufin wanda bai ji gargaɗi ba zai ji a jikinsa. Ni kuwa na ga karin maganar tana da wata fuska: abin da hannu ya jinjina, da abin da aljihu ya biya, sukan riga kunne yanke hukunci, shi kunnen sai dai ya sa hannu.

A nan ne maganar ta bar shagon mai gyaran rediyo ta shigo cikin harabar jami'a. Ku duba yadda harshenmu ya ɗauki kalmar nauyi. Mukan ce wane mutum ne mai nauyi, mukan ce magana ta yi nauyi, yaro yakan ji nauyin babba, uba kuma yakan ɗauki nauyin gida. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka haɗa nauyi da daraja, domin a zamanin da ake auna hatsi da ƙarfe da zane a hannu, mafi yawan lokaci mai nauyin shi ne mai auki. Ɓarnar takan fara ne ranar da mai sayarwa ya gane cewa mai saye nauyi kawai yake dubawa. Tsofaffin garinmu suna ba da labarin masu zuba yashi a buhun gyaɗa, da masu yayyafa wa auduga ruwa kafin a kai ta sikeli. Haka nan yau akwai masu buga faifai daga ɗauka marar kyau, su ƙara masa roba, su liƙa masa takardar giram 180. Duk alamar da jama'a suka dogara da ita ba tare da bincike ba, ba ta daɗewa sai 'yan algus su koyi yin ta.

To, mu fa? Wane ne a cikinmu bai taɓa jinjina kundin digirin wani a hannu ya ce wannan ya yi aiki, tun bai buɗe shafin farko ba? Na san ɗalibai da ke ƙara girman baƙi da tazarar layi don kundi ya yi kauri. Na san masu ɗauko hatimin wani, watau aikin da aka riga aka yi a wata jami'a, su buga shi a kan sabuwar takarda da bango mai ruwan zinariya. Na ga yadda a wurin muhawara mukan tafa wa wanda ya jero manyan kalmomin Turanci ko na Larabci, mu yi wa mai magana a sauƙaƙe shiru, alhali in aka tace maganar na farko ba za a cika cokali ba. Da izinin malamaina kuma, ina ganin laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne, gama mai gyaɗa ba zai zuba yashi ba in ya san za a zazzage buhun. Ranar da aka tabbata ana karanta kundi shafi-shafi, a ranar kundaye za su fara ramewa. A wajen makaranta ma haka abin yake: babbar riga, da tsawon rawani, da jerin laƙabi a gaban suna, duk roba ce da aka ƙara. Tana iya kasancewa a kan ɗauka mai kyau, tana kuma iya kasancewa a kan wofi, ba kuwa yadda za a sani sai an ɗora allura an saurara.

Wani zai ce, in haka ne sai mu yar da nauyi baki ɗaya, mu ce riga da bango da ladabin magana duk yaudara ne. Ni ban kai nan ba. Kaurin faifai ba ya ƙara wa Shata murya, amma yana iya kare muryar daga zafin rana. Haka kamun kai da kyakkyawar shiga suke kare mutuncin mai ilmi, bango mai ƙarfi kuma ya kare kundi mai amfani daga gara. Aikin nauyi tsaro ne, kuma mai gadi yana da daraja matuƙar akwai dukiya a cikin ɗakin.

Akwai kuma wani abin da ya sa nake fahimtar masu son faifai, ko da sun yi kuskure wajen bayyana dalilinsu. Kakata ta ce in kakana zai sa faifai, sai bayan sallar isha'i, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya wanke hannu, ya riƙe shi ta gefe, ya goge shi da ƙyalle, ya sauke allura a hankali. Batir yana da tsada, don haka ba mai surutu, ba kuma mai cewa a tsallake wannan a sa waccan. Minti ashirin cur mutane suna zaune suna bin waƙa ɗiya-ɗiya, washegari kuma a yi ta muhawara a kan abin da mawaƙin yake nufi. Ni kuwa ina da ɗaruruwan waƙoƙi a waya, sautinsu ya fi na na'urar kakana tsabta nesa ba kusa ba, ba sa gogewa kome yawan sawa, amma da wuya in saurari guda ɗaya daga farko har ƙarshe ban taɓa wani abu ba. Ina zaton daɗin da mutane ke ji a faifai mai nauyi, rabinsa daɗin natsuwarsu ne. Abin ya tilasta musu su zauna, su kula, su ba shi lokaci, sai suka ji abin da da ba sa ji, suka kuma ba roba ladan da ya kamata su ba kunnensu. In kuwa haka ne, wannan daɗi ba sai mai dala 100 ba, duk mai iya ajiye waya fuska a ƙasa na minti ashirin zai same shi.

Sauran in faɗi yadda muka ƙare da kakata. Tsohon mai gyara ya gaya mini akwai masu sayen irin waɗannan fayafayai suna aikawa ƙasashen waje, ya kuma ce wanda ba a taɓa sawa sosai ba shi ya fi kuɗi, watau a kasuwa faifan da ba wanda ya so shi ya fi wanda aka so har ya goge. Na ce masa kayan gado ne, ba ni da ikon sayarwa. Na koma gida na durƙusa na ajiye gutsattsarin a gabanta, ina jiran faɗa. Ta daɗe tana juya su, sa'an nan ta ce, "Abin da ya fashe ya fashe, maigida. Wannan na mahaifin kakanka ne, wata mata ce take waƙa a ciki. Ko ka san in akwai muryarta a wani wuri?" Na rasa amsa. A wannan lokaci ne na fara jin nauyin faifan na gaskiya, bayan ya riga ya bar hannuna. Mai yiwuwa akwai irinsa a wata adaka a Kazaure ko Roni, mai yiwuwa kuma wanda na fasa shi ne na ƙarshe.

Saboda haka ina da roƙo biyu ga wannan ƙungiya tamu. Na farko, duk wanda ya je hutu ya leƙa ƙarƙashin gadon tsofaffi. In ya sami faifai, ya jera shi a tsaye a inuwa, kada ya ɗora masa kaya, kada ya bar shi a rana ko a mota, ya naɗe baƙaƙen masu kauri kamar ƙwai, sa'an nan mu haɗa kai da malamanmu a juye su a kwamfuta, tare da rubuta sunan mawaƙi da abin da tsofaffi suka sani game da shi, tun suna raye. An ce kunne ya girmi kaka, amma sai in an bar masa abin da zai ji. Ni na riga na fara da 22 ɗin da suka rage. Na biyu, in an miƙo mana littafi, ko kundi, ko ra'ayi, ko ɗan takara, mu ji nauyinsa a hannu in mun ga dama, amma mu riƙe bakinmu sai mun saurara. Ni dai faifai guda na fasa kafin in koyi wannan, ina fatan mai karatu zai koye shi kyauta. Allah Ya sa mu dace.